Rumbun Wuta da Farashin Lokaci: Darasi Daga Fagge da Sabon Gari

Akwai jimloli guda biyu da kowane yaro a Kano yake haddacewa tun kafin a kai shi makarantar allo, wato "an kawo wuta" da "an ɗauke wuta". A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina lura da irin hoton da waɗannan kalmomi suke zanawa a zuciyar mai magana. Abin da ake kawowa a kuma ɗauke, lalle yana da mazauni. Kamar dai akwai wani katafaren sito a Kainji ko Shiroro inda aka jibge wutar buhu-buhu, wani ma'aikaci kuma yana riƙe da mabuɗi, in ya ga dama ya ɗebo mana, in ya ga dama ya kulle. Har yanzu da yawanmu "Nepa" muke kiran mai mabuɗin nan, duk da cewa hukumar da aka kafa da wannan suna a 1972 ta daɗe da zama tarihi, kuma tun watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO.

Gaskiyar magana ita ce babu wannan sito. Wutar lantarki haja ce da ake cinye ta a daidai lokacin da aka samar da ita. Fankar da tela ya kunna a Fagge, ruwan da ke gangarowa ta injinan Shiroro ko iskar gas da ke ƙonewa a tashar Egbin ta Legas ne ke juya ta a wannan sakan ɗin. Saboda haka wajibi ne abin da tashoshi ke bayarwa ya yi kunnen doki da abin da jama'a ke ja, dare da rana. Ma'aunin wannan daidaito shi ne bugun wutar, wanda a ƙasarmu ya kamata ya tsaya a kan hamsin cikin kowane sakan, kuma shi ne injiniyoyin cibiyar kula da babban layi ta ƙasa da ke Osogbo suke zuba wa ido kamar yadda likita ke sauraron bugun zuciya. Idan ja ya rinjayi bayarwa sai bugun ya yi ƙasa, idan aka yi jinkirin rage lodi sai injina su kashe kansu domin tsira, ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da muke ji a labarai cewa babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe, kamar yadda ya yi ta faruwa a shekarar 2024.

Duk lokacin da aka zauna tattauna matsalar wuta, zancenmu ba ya wuce yawan megawat. Ba laifi ba ne, domin kuwa ƙasar da aka girke mata tashoshi masu ƙarfin megawat wajen 13,000, amma har zuwa 2025 mafi yawan abin da ta taɓa turawa a layi lokaci guda bai kai 6,000 ba, dole ta yi kukan ƙaranci. To amma akwai tambaya ta biyu da ba mu cika yi ba, wato ta lokaci: yaushe ake da wutar, kuma yaushe ake buƙatarta? Duniya ta samo makamai biyu na amsa wannan tambaya. Na farko shi ne ajiya, na biyu kuma farashi mai bin lokaci. Ra'ayina shi ne Kano ta isa ta ɗauki makaman nan biyu tare, kuma babu inda ya fi dacewa a fara gwada su kamar Fagge da Sabon Gari.

Manomi ya riga injiniya sani

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gero da dawa suna zuwa ne sau ɗaya a shekara, ciki kuwa kullum yana nema. Kakanninmu sun warware wannan da rumbu. Kasuwa kuma ta warware nata ɓangaren da farashi: duk wanda ya san Dawanau ya san buhu yakan karye da kaka, ya kuma yi tsada idan damina ta yi nisa, rumbuna sun fara ganin gindinsu. Arahar kaka ita ke sa mai hali ya saya ya adana, tsadar tsakiyar damina kuma ita ke sa ya buɗe sitonsa ya fito da kaya. Da a ce farashi ɗaya ne shekara zagaye, da babu wanda zai wahalar da kansa gina rumbu domin kasuwa. Ko a ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shawarar da ta ceci Masar ita ce a adana daga shekarun yalwa domin shekarun fari. Bambancin kawai shi ne ita wutar lantarki kakarta da bazararta duk a cikin yini guda suke zagayowa.

Mu dubi yadda yinin yake a ƙaramar hukumar Fagge. Da hantsi Kantin Kwari da Singa da Wapa da babbar kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, sukan buɗe. Buƙatar wuta ta yi ta hawa har ta kai ƙololuwa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya sa kowace fanka da kowane firji ke aiki. Gab da magariba kasuwanni su watse, sai nauyin ya koma gidaje, inda kowa zai kunna fitila da talbijin da dutsen guga a lokaci guda. Telolin Fagge, musamman idan salla ta gabato, sukan raba dare a kan keke. Otal-otal da gidajen abinci na Sabon Gari kuwa sai bayan isha'i kasuwarsu take kankama. Daga tsakar dare zuwa asuba buƙata takan faɗi warwas. Ke nan a cikin yanki ɗaya, a tazarar da ba ta fi a taka da ƙafa ba, akwai masu cin rana da masu cin dare, kuma rufin kwanon masu cin ranar yana shan hasken da babu birnin Turai da ke samun irinsa.

Kowa tasa ta fisshe shi

Mutanen Fagge da Sabon Gari ba su zauna jiran masana ba, sun daɗe da gina nasu rumbunan. Duk gida ko shagon da ke da inbata da batura biyu a ƙarƙashin benci yana ajiyar wuta ne. Haka kuma mai babban janaretan da ke ja wa layin shaguna waya, yana karɓar kuɗi kullum gwargwadon ƙwan fitila da fanka, shi ma kamfanin wuta ne a ƙaramin mataki, kuma farashinsa yakan motsa duk ranar da man ya motsa. A rashin uwa ake uwar ɗaki.

Sai dai wannan hanya tana da illoli guda biyu. Ta farko ita ce tsada. Janareta mai amfani da dizal, ko da lafiyayye ne, lita ɗaya ba ta cika ba da fiye da yunit uku zuwa uku da rabi ba. A shekarar 2024, da litar dizal ta haura naira 1,000, yunit ɗaya ya tashi a kan naira 300 ko fiye, tun ba a sa kuɗin bakanike da baƙin mai ba. Ƙananan janaretocin fetur sun fi haka ɓarna, balle bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Illa ta biyu ita ce wadda ba a cika lura da ita ba. Batura dubbai da ke gidaje ba sa shawara da juna. Da zarar an kawo wuta, dukkansu za su buɗe baki su fara zuƙa a lokaci guda, ga injinan tura ruwa tanki, ga firizoji da suka huce, ga mai guga yana rige-rige kada a ɗauke. Taransifomar unguwa ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, ta yi zafi, fis ya tsinke ko ita kanta ta ƙone, a koma karo-karon gyara. Ajiyar da ba ta da tsari takan ƙara wa layi ciwo a daidai lokacin da ya fi rauni, kamar a ce duk masu rumbu su fito sayen hatsi a tsakiyar watan Agusta.

Abin da aka riga aka gwada a Kano

Gani ya kori ji. Bayan gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, hankali ya ƙara karkata ga haɗarin tara janaretoci da jarkokin fetur a tsakanin rumfuna. A shekarar 2018 Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta sa kasuwar cikin shirinta na bai wa manyan kasuwanni wuta mai zaman kanta, tare da kasuwar Ariaria ta Aba da rukunin shagunan Sura na Legas. A Sabon Gari kamfanin Rensource ne ya ɗora allunan sola a kan rufi, ya haɗa su da batura, kowane ɗan kasuwa kuma ya riƙa biya gwargwadon abin da ya jona. A watan Satumba na 2019 aka ƙaddamar da tashar Jami'ar Bayero, wadda ta ƙunshi sola mai ƙarfin megawat 3.5 da baturan da ke iya riƙe kimanin yunit dubu takwas, da janaretoci na ko-ta-kwana. Sannan a watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso.

Waɗannan ayyuka sun nuna cewa fasahar tana aiki a ƙarƙashin ranar Kano, kuma ɗan kasuwa yana biya idan ya ga haske. Abin da ya rage shi ne haɗa su da unguwa. Tsarin da aka gina domin shaguna kaɗai yakan yi barci idan kasuwa ta tashi, alhali a bayan katangar kasuwar gidaje na cikin duhu. Tun 2016 ƙa'idojin hukumar NERC sun amince da ƙananan tashoshi da za su jona da layin kamfanin rarrabawa, su ba unguwa wuta idan babban layi ya gaza. Wannan ita ce ƙofar da ya kamata a faɗaɗa.

Akwai kuma dalilin da ya sa Kano ta fi sauran birane buƙatar rumbu. Mafi yawan wutar ƙasar nan daga tashoshin gas na kudu take fitowa, mu kuwa muna can ƙarshen igiya. Tsawon shekaru layi ɗaya mai ƙarfin kilobolt 330 ne ke ɗauko ta daga Mando ta Kaduna zuwa Kumbotso. Ba za mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ya biyo ta Binuwai shi ma ya sami matsala, yawancin Arewa ta shafe kwanaki masu yawa a duhu. Batir ba zai riƙe gari mako biyu ba, amma sola da batir tare za su iya riƙe asibiti da matatar ruwa da ɗakunan sanyaya magani kowace rana, ko da igiyar ta tsinke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda wasu suka yi

Ɗaya daga cikin daɗaɗɗun hanyoyin ajiya ita ce ta ruwa. A tashar Dinorwig da ke yankin Wales na Birtaniya, wadda aka buɗe a 1984, ana amfani da wutar dare mai araha a tura ruwa zuwa wani tafki a kan dutse, idan buƙata ta taso a sake shi ya gangaro ya juya injina cikin 'yan sakanni. Afirka ta Kudu tana da irinta a Drakensberg da Ingula. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wutar yakan salwanta a wannan hawa da sauka, amma duk da haka ana cin riba, saboda wutar magariba ta fi ta tsakar dare daraja. Sabuwar hanya kuma ita ce ta manyan batura. Bayan duhun da ya rufe jihar Ostireliya ta Kudu baki ɗaya a watan Satumba na 2016, kamfanin Tesla ya girke batir mai ƙarfin megawat 100 a Hornsdale a ƙarshen 2017, babban aikinsa kuma shi ne tallabe bugun wuta cikin ƙiftawar ido idan wata tasha ta faɗi. A jihar Kalifoniya ta Amurka ƙarfin batura ya haura megawat 10,000 a 2024, suna shan hasken rana da azahar, suna mayar da shi da almuru. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne farashin batirin litiyom ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023.

Ta fuskar farashi kuwa, tun 1978 Birtaniya ta fito da tsarin Economy 7, wanda ke bai wa gidaje awa bakwai na dare a farashi mai rahusa. A nan nahiyarmu, Kenya ta fara rage wa masana'antu rabin kuɗi a kan ƙarin wutar da suka sha cikin dare tun watan Disamba na 2017. Manufar duk ɗaya ce: wanda aikinsa zai iya jira, a ba shi dalilin jira.

Farashinmu wuri yake bi

A nan gida, tun 2020 an kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. Rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, NERC ta ɗaga kuɗin yunit na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan rage shi zuwa sama kaɗan da 200. Wannan tsari yana tambayar mutum ne a wane layi yake zaune, ba ya tambayarsa da ƙarfe nawa ya kunna injinsa. Mai kamfanin ƙanƙara da ya tayar da injina da ƙarfe bakwai na yamma, lokacin da layi ke nishi, da wanda ya tayar da ƙarfe biyu na dare, kuɗinsu ɗaya. To me zai sa na farkon ya canza?

Alhali ayyukan da za su iya jira suna da yawa. Ƙanƙara ita kanta ajiyar sanyi ce, tankin ruwa a saman gida ajiyar aikin famfo ne. Masu ɗakunan sanyaya kifi da kaji a Sabon Gari, da masu fiya wata, da masu cajin batura, da injinan tura ruwa na Tamburawa da Challawa, da masana'antun Bompai da Sharaɗa masu iya juya wani sashe na aikinsu, duk za su iya kauce wa awannin da ke tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare idan lissafi ya nuna musu riba. Inbatocin gidaje ma ana iya saita su su yi caji da rana tsaka ko a talatainin dare. Kowane kilowat da aka ɗage daga wannan lokaci tamkar an gina shi ne ba tare da an sayi sabon inji ba.

Ƙorafe-ƙorafen da ya kamata a saurara

Wani zai ce, mai neman na yau ina ya ga na ajiya? Wannan magana tana da ƙarfi, domin batir ba ya haifar da wuta, hasali ma yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka zuba masa. Amsar ita ce rarar da za a adana daga sama za ta zo, wato daga rufin Kwari da Singa da Sabon Gari, sai kuma ɗan abin da ke saura a layi bayan gari ya yi barci. Wajibi ne kuma a sa zafin Afrilu a lissafi, wanda ke rage wa batir kwana, da ƙurar hunturu da ke dusashe allunan sola idan ba a goge su.

Wani kuma zai ce talaka ne zai sha wuya, tun da yaro ba zai ɗage karatun dare zuwa asuba ba, uwargida kuma ba za ta kashe fanka a kan jariri ba. Wannan ma gaskiya ne. Saboda haka farashi mai bin lokaci ya fara da manyan masu ja, su masana'antu da otal-otal da ɗakunan sanyi. Ƙananan gidaje a bar su a farashi guda, wanda ya ga zai amfana ya shiga da ƙafarsa. A kuma fara da rahusar dare kafin a yi zancen ƙarin magariba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na mita da amana. A ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta a ƙasar nan ba su da mita, kuɗin kintace ake rubuta musu. Wanda ba a auna yawan abin da ya sha ba, ta yaya za a auna lokacin da ya sha? Kuma idan aka ce dare ya fi araha, mutum ya ɗauki ma'aikatan dare, sannan aka ɗauke wutar da daren, ba zai ƙara yarda ba har abada. Don haka alkawarin rahusa sai ya zo da alkawarin samuwa, da diyya a rubuce idan aka saɓa. Mu ma masu amfani da wuta akwai namu nauyin, domin rumbun da ɓeraye suka huda ba ya cika, kuma satar wuta ta bayan mita ita ce ɓeran wannan rumbu.

Shawara

Gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 da Dokar Wutar Lantarki da aka sa wa hannu a watan Yuni na wannan shekarar sun bai wa kowace jiha ikon tsara kasuwar wutarta. Jihohin Inugu da Ekiti da Ondo su ne suka fara karɓar wannan iko daga NERC a 2024. Ke nan batun farashi da lasisi ya daina zama na Abuja ita kaɗai.

Shawarata ita ce a zaɓi layuka biyu ko uku da ke ciyar da Fagge da Sabon Gari a yi gwajin shekara guda. A fara da sa wa kowa mita mai sanin lokaci. A ɗora sola a rufin kasuwanni bisa yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su zama masu hannun jari, ba masu biya kawai ba. A girke batir babba a kusa da tashar rarrabawa, wanda zai sha da rana ya bayar daga magariba. A fitar da farashi kashi uku, na rana da na magariba da na dare, a bayyana shi da Hausa da Turanci da Ibo da Yarbanci a rediyo da masallatai da majami'u, domin farashin da ba a fahimta ba ba ya canza halin kowa. Sannan kowane wata a buga sakamakon a fili: awa nawa aka samu, taransifoma nawa ta ƙone, nawa ɗan kasuwa ya kashe idan aka kwatanta da lokacin janareta. Jami'o'inmu suna da injiniyoyi da masana tattalin arziki da za su iya bin diddigin wannan lissafi ba tare da son rai ba.

Idan gwajin ya gaza, an yi asarar shekara guda a unguwa biyu, an kuma san dalili. Idan ya yi nasara, Ƙofar Wambai da Kurmi da Dawanau za su nema da bakinsu, Katsina da Dutse kuma su biyo baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aikin yana buƙatar gwamnatin jiha da kamfanin rarrabawa da shugabannin kasuwa da masu unguwanni su zauna a tabarma ɗaya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya kuma kare kasuwanninmu daga gobara da asara, amin.